Amsoshin Tambayoyinku: Ina Taimakon Yaran Rohingya Yake Shiga?

Tambaya: Tun 2017 nake jin ana tara wa yaran Rohingya taimako, amma har yau labarin yunwa ake kawo mana. Kuɗin ne ba ya kaiwa gare su, ko cinyewa ake yi? Daga wata malamar firamare a Katsina.

Amsa: Malama, taimakon yana isa wurinsu, sai dai ba ya isarsu.

Daga ranar 25 ga Agusta 2017, da sojojin Myanmar suka far wa ƙauyukan Rohingya a jihar Rakhine, fiye da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladesh, suka tarar da 'yan'uwansu da suka riga su gudu. Yau kimanin miliyan ɗaya ne a sansanonin Cox's Bazar, musamman Kutupalong, kuma fiye da rabinsu yara ne.

Gwamnatin Bangaladesh ba ta ba su izinin neman aiki ba. Magidanci ba gona, ba rumfar kasuwa. Tukunyar gidansa ta dogara da katin da Hukumar Abinci ta Duniya take zuba wa kuɗi duk wata. A 2023 aljihun hukumar ya yi ƙasa, sai ta rage rabon kowane mutum daga dala 12 zuwa 10 a watan Maris, ta sake mai da shi 8 a Yuni. Dala 8 a wata, Malama, ko senti 30 a rana bai kai ba. Uwa sai ta sayi shinkafa da mai, ta haƙura da ƙwai da kifi. Cikin yaro ya cika, tamowa kuma tana cinsa a hankali. Daga baya an ƙara kuɗin, amma a Maris 2025 aka sake gargaɗin za a mai da shi dala 6, da ƙyar aka kauce.

Tunda ke malama ce, ga abin da ya fi ci mini rai. Azuzuwan da UNICEF ke tallafawa rumfunan gora ne, kuma ba a yarda a koyar da manhajar Bangaladesh a cikinsu ba, don ana so su koma gida. Manhajar Myanmar ake koya musu, ƙasar da dokarta ta 1982 ta cire iyayensu daga jerin 'yan ƙasa. A 2025 ma sai da aka rufe azuzuwa masu yawa saboda rashin kuɗi. Jaririn da aka goyo aka tsallako da shi yanzu ya isa firamare, bai san ko'ina ba sai sansani.

Ga gobara, irin ta Maris 2021 da ta cinye dubban bukkoki, ga zaftarewar ƙasa duk damina. Kuɗin littafi sai ya koma sayen tamfol.

Ban ce babu masu ɗan hali ba, amma babbar ɓarakar ita ce ƙasashe masu bayarwa sun ja hannu, kuma ƙarar da Gambiya ta kai Myanmar kotun duniya a 2019 ba ta mai da kowa gida ba tukuna.

In kina da niyyar bayarwa, ki bi ta hukumomin da aka sani, irin su UNICEF, ki guji lambar asusun da ake yaɗawa a WhatsApp.