Hanyar da Ke Tsakanin Kogi da Teku

Ruwan famfon da ake sha a Tamale daga Farin Volta yake zuwa. Kogin nan yana bi ta Nawuni da Yapei, ya shiga Tafkin Volta, daga can kuma ruwan ya gangara har Ada, inda yake haɗuwa da teku. Darasinmu na yau a kan halittun da rayuwarsu ta dogara ga wannan hanya ne.

Masu gida biyu

Akwai kifayen da ba su iya cika rayuwarsu a wuri ɗaya. A Turai da Amurka, kifin samon yana girma a teku, amma sai ya hau kogi kafin ya yi ƙwai. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, 'ya'yan kifin bonga sukan shiga bakin kogi da tafkunan gaɓa irin na Keta, su yi girma a can kafin su koma teku. Haka ma babban jatan landen kogi. Yana zama a ruwan daɗi, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a inda ruwan kogi ya gauraya da na gishiri. Sa'ad da suka yi ƙarfi, sai su kama hanyar hawa kogi.

Sa'ad da aka tare hanya

A shekarar 1965 aka gama madatsar ruwa ta Akosombo, a 1982 kuma aka gama ta Kpong. Sun ba ƙasa wutar lantarki, wannan kuwa alheri ne babba. Amma sun raba kogi da teku, gama abin da ya taso daga Ada ba ya iya haye bangon.

Bari mu duba abin da ya faru a Sanagal domin mu gane nauyin wannan. A 1986 aka gama madatsar Diama kusa da bakin Kogin Sanagal. Jatan lande ya ɓace a saman madatsar. Ashe shi ne yake cinye ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Katantanwa ta yi yawa, ba da daɗewa ba cutar ta bazu a garin Richard Toll da kewaye. Daga baya masu bincike suka mai da jatan lande a mashayar ƙauyen Lampsar. Rahotonsu na 2015 ya nuna cewa katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, cutar ma ta yi sauƙi a jikin mutane. A bakin Tafkin Volta ma tsargiya ta ƙaru bayan tafkin ya cika, domin ruwa mai kwanciya da ciyayi gidan katantanwa ne.

Ka lura: ƙaramar halittar da ba wanda ya kula da ita, ita ce take tsaron lafiyar yaran da ke wanka a kogi.

Rabonmu a nan arewa

Mu ma muna da matafiya. Da damina, tarwaɗa da sauran kifaye sukan bi ambaliya su shiga fadamu domin su yi ƙwai. Wanda ya tare mashigar fadama da raga mai ƙananan idanu, ko ya zuba maganin ƙwari a ruwa, ya ci kifin bana tare da na baɗi. Dokar Ghana ta hana kamun kifi da guba ko nakiya, amma doka ba ta da ido a kowane rafi. Masunci da mai banda da mai saye a kasuwar Aboabo, kowa yana da hannu a ciki.

Tambayoyi domin tunani

1. Me ya sa 'ya'yan jatan lande suke bukatar bakin teku?
2. Yaya ɓacewarsa ta jawo tsargiya a Sanagal?
3. Wace hanyar kifi ce ake tarewa kusa da garinku?

Abin yi a wannan mako

Kada ka sayi 'yan mitsi-mitsin tarwaɗa ko karfasa da ba su isa haihuwa ba. In kuma ka ga jini a fitsarin ɗanka, kai shi asibiti, gama tsargiya tana da magani.