Karatun Ilmin Abinci a Jami'a

Kowace shekara, sa'ad da sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, a kan zauna a gidaje da yawa a yi shawara a kan abin da yaro ko yarinya za su karanta nan gaba. Galibi sunaye uku mu kan ji, watau likita, da injiniya, da lauya. In wani yaro ya ce shi ilmin abinci ya ke so, sai a yi masa dariya, a ce, "Ashe tuƙin tuwo za ka je jami'a ka koya? Ai ga uwarka nan, za ta koya maka ba ko kwabo." Maganar tana da ban dariya, amma ba ta kan hanya. A darasinmu na wannan wata za mu duba ko mene ne wannan karatu, da dalilin da ya sa mu ke bukatarsa, da ƙofar shigarsa, da aikin da ke jiran wanda ya gama.

1. Ƙoshi dabam, ginin jiki dabam

Kowa ya san da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Amma ba kowa ya sani ba mutum ya kan cika cikinsa kullum, duk da haka jikinsa yana jin yunwa. Gama abinci yana da aiki uku a cikin jiki.

Na fari, yana ba da ƙarfi. Wannan aikin gero ne, da dawa, da masara, da shinkafa, da rogo, da mai. A kan auna ƙarfin da kalori. Giram 1 na sitaci yana ba da kalori 4, giram 1 na mai kuwa kalori 9. Domin wannan babban cokali ɗaya na man gyaɗa a cikin kunun yaro ya kan ƙara masa kusan kalori 120, ba tare da ya cika masa ɗan cikinsa ba.

Na biyu, yana gina jiki. Abin da ke yin wannan a kan kira shi furotin. Ana samunsa a wake, da gyaɗa, da waken soya, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Furotin na hatsi bai cika ba, akwai abin da ya gaza a cikinsa, wake kuwa yana da shi. Ashe mai cin shinkafa da wake, ko mai dama fura da nono, yana bin ka'ida mai kyau ko da bai san sunanta ba.

Na uku, yana tsare jiki. Wannan aikin bitamin ne da sinadarai irin su ƙarfe, da aidin, da kalsiyam. Kaɗan ƙwarai jiki ya ke bukata, amma in babu su sai ciwo ya shigo.

Ɗalibin ilmin abinci yana koyon waɗannan duka da awo da lissafi. Tambayarsa ita ce, nawa wannan jiki ya ke bukata, nawa ya ke samu, ina za a samo sauran da kuɗin da gidan ya ke da shi?

2. Yadda ilmin ya samu

A shekara ta 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, Jems Lind, ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu wani ciwo da ke sa dasashi ya kumbura ya yi jini. Ya raba su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda aka ba lemo su ne suka warke da sauri. Yau mun sani rashin bitamin C ke kawo ciwon.

Wajen 1890 wani likita ɗan Holan, Kiristiyan Aikman, yana aiki a tsibirin Jaba. Ya lura kajin da a ke ba farar shinkafa da aka cashe sarai ƙafafunsu su kan shanye, in an ba su shinkafa da dusarta sai su miƙe. Daga baya aka gane bitamin B1 ne ke cikin dusar. A 1912 wani masani ɗan Folan, Kazimir Funk, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan bitamin.

A 1933 wata likita, Sisili Wiliyams, tana aiki a Akkara ta ƙasar da mu ke kira Gana yanzu, ta bayyana wani ciwo na yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara kaɗai. Jikinsu ya kan kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. A 1935 ta rubuta shi da sunan da mutanen Ga su ke kiransa, watau kwashiyoko, ciwon yaron da aka ture domin an yi masa ƙane.

A 1999 kuma likitoci masu bincike a Jos suka nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke tanƙwarewa a wurin, ba hasken rana suka rasa ba, kalsiyam ne ya gaza a abincinsu. Da aka ba su kalsiyam ƙasusuwan suka warke.

Mu lura da abu ɗaya a cikin labaran nan huɗu. A kowanne an duba abin da mutane su ke ci, an gwada, an rubuta abin da aka gani. Hanyar da a ke koya wa ɗalibi ke nan har wa yau.

3. Me ya sa mu ke bukatarsa?

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 da ba su kai shekara 5 ba, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Binciken ya kuma sami ƙarancin jini a wurin yara 68 cikin 100, da mata 58 cikin 100. Tsumburewa ba gajarta kaɗai ba ce. Yawancinta tana faruwa ne cikin kwana 1,000 na fari, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma. Abin da aka rasa a kwanakin nan da wuya a mayar da shi duka.

Amma akwai abin ƙarfafa zuciya, gama an ga amfanin ilmin nan da ido. Dattawanmu sun tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a waɗansu garuruwa. Rashin aidin ne ke kawo yawancinsa. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, maƙoƙo kuwa ya ragu ƙwarai. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa, da sukari, da man girki, gama rashinsa ya kan kawo dundumi, har ya makantar da yaro.

A 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa da gyaɗa, da madarar gari, da sukari, da mai, da bitamin. Ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana da kalori 500, ba ya bukatar dafuwa ko ruwa. A yunwar 2005 a Nijar, musamman a jihar Maraɗi, aka yi jinyar dubban yara masu tamowa da shi, yawancinsu suna gida wurin iyayensu mata, ba a kwantar da su a asibiti ba.

Ga kuma wata matsala ta gefe ɗaya. Ciwon sukari da hawan jini suna ƙaruwa a biranenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. Wa zai zauna da mai hawan jini ya nuna masa yadda zai yi wannan da Hausa, a kan miyar gidansa? Sai wanda ya koya.

4. Ƙofar shiga

Wannan karatun kimiyya ne, sai a fara shiri tun daga aji huɗu na sakandare. A Nijeriya a kan nemi kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, a cikinsu da Turanci, da lissafi, da kemistiri, da bayoloji. Jami'o'i da yawa suna neman fiziks kuma. Sa'an nan a rubuta jarrabawar JAMB. Sharuɗɗa su kan bambanta daga wata jami'a zuwa wata, domin haka lalle a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cika takarda.

Jami'ar Ibadan da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka sun daɗe suna koyar da wannan fanni. Akwai shi kuma a jami'o'in aikin gona na Abekuta da Umudike. Wanda bai sami jami'a nan da nan ba kada ya fid da zuciya. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna tana ba da difloma a fannin, mai difloma mai kyau kuwa yana iya neman shiga jami'a daga aji biyu.

5. Abin da a ke koya

Karatun shekara 4 ne a jami'o'i da yawa, a waɗansu kuwa 5.

A shekara ta fari ba a taɓa tukunya ba. Kemistiri ne, da bayoloji, da fiziks, da lissafi. Nan ne waɗanda suka zo neman karatu mai sauƙi su kan sha mamaki.

A ta biyu a kan koyi ƙirar jikin mutum da yadda gaɓoɓi su ke aiki, da yadda abinci ke narkewa ya shiga jini, da ƙwayoyin cuta masu ɓata abinci. Ɗalibi zai gane dalilin da ya sa lemo ko tumatir su ke taimakon jiki ya sha ƙarfen da ke cikin wake da zogale, shayi kuwa a kan abinci ya kan rage shi. Zai kuma san dafin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara in an adana su da danshi, wanda ke lalata hanta.

A ta uku a kan koyi bukatar mai ciki, da mai goyo, da jariri, da tsoho, da abincin marasa lafiya. A kan koyi awo kuma. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da a ke naɗa wa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In awon bai kai santimita 11.5 ba, zaren ya nuna ja, yaron yana cikin hatsari, sai asibiti ran nan. A kan kuma tura ɗalibi waje watanni, ya yi aiki a asibiti ko ma'aikatar abinci.

A ta ƙarshe ɗalibi zai yi bincike nasa, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kāre abin da ya rubuta.

6. Bayan an gama fa?

Hanya ta kasu. Mai son asibiti ya kan yi horon shekara 1 a babban asibiti, sa'an nan ya zama mai tsara abincin majinyata, yana aiki tare da likita. Wani ya kan shiga aikin lafiya na karkara, yana auna yara, yana koya wa iyaye cewa nono zalla ya ishi jariri wata 6 na fari, ba sai an ba shi ruwa ba. Wani ya kan shiga ma'aikatar abinci ko hukumar duba ingancinsa. Wani ya koyar. Wata kuma ta kafa sana'arta, tana haɗa garin kunun yara da gero, da waken soya, da gyaɗa, da tsabta da awo.

Kada mu ruɗi kowa. Takardar digiri ba ta kawo aiki da kanta, guraben horo a asibiti kuwa kaɗan ne, a kan jira. Mai neman arziki da gaggawa ya sake tunani. Amma wanda ya iya aikin, ya kuma iya bayyana shi da harshen mutane, yana da abin da a ke nema.

7. Shawara

Ku iyaye, kada ku ce wannan karatun mata ne kaɗai. A gidajenmu da yawa maigida ne ke zuwa kasuwa, shi ke buɗe rumbu, sau da yawa kuwa ya fi sauraron namiji ɗan'uwansa. Muna bukatar samari a ciki kamar yadda mu ke bukatar 'yan mata.

Ku 'yan makaranta, ku riƙe kemistiri da kyau tun yanzu. In kun shiga jami'a, kada ku raina kuka, da rama, da daddawa, da ƙuliƙuli. Shawarar da ba ta cikin kasuwar ƙauye, ko ta fi ƙarfin aljihun mai ji, ba za a bi ta ba. Ku yi haƙuri da tsofaffi kuma. Kakar da ta goyi yara goma ba za ta bar al'adarta domin an daka mata tsawa ba, sai an zauna da ita da ladabi.

Tambayoyi

1. Faɗi aiki uku da abinci ke yi a jiki, da misali biyu na kowanne daga kasuwarku.
2. Me ya sa kwana 1,000 na fari su ke da muhimmanci?
3. Rubuta abin da ƙaramin yaro na gidanku ya ci jiya. Wane kashi ne ya gaza?
4. Akwai yaro ko yarinya a unguwarku mai ƙoƙari a kimiyya? Wa zai karanta masa wannan darasi?