Yadda Ake Gwada Likitan Yara Mai Neman Ƙwarewa Wajen Farfaɗo Da Yaro

Yaron da aka ɗauko daga Kagoro ko Zonkwa numfashinsa na ɗaukewa ba zai jira a kira babban likita daga Kaduna ba. Matashin likitan da ke bakin aiki a babban asibitin Kafanchan shi zai karɓe shi. Don haka a hannu za ka gwada shi, don a baki kowa gwani ne.

Ka tanadi 'yar tsanar koyo irin NeoNatalie, da ambu (jakar hura iska mai marufin fuska), da agogo, da takardar maki. Ka tsayar da nas kusa da likitan, kada ta taɓa komai sai ya umarce ta.

Ka ce masa: "An haifi jariri yanzu, bai yi kuka ba." Ka danna agogo, ka yi shiru. Ya goge jikin? Ya cire jiƙaƙƙen zanen? Ya daidaita kan? Tsarin Helping Babies Breathe na 2010 ya tanadi a fara hura iska kafin daƙiƙa 60 su cika.

A nan ake wuce gari. Kada ka kalli hannunsa, ƙirjin 'yar tsanar za ka zuba wa ido. Mutum kan yi ta matsa ambu iska na zurarewa ta gefen kunci, shi kuwa bai sani ba. Idan ƙirjin bai ɗaga ba, ya kamata da kansa ya gyara zaman marufin, ya daidaita kan, ya duba majina, ya buɗe bakin. Wanda ya tsallake wannan ya koma danna ƙirji ya faɗi, komai kyawun sauran aikinsa. Sai iska ta shiga sosai, bugun zuciya kuma bai kai 60 a minti ba, sannan a fara danni 3, huri 1.

Sai ka canza masa: yaro mai kilo 10, zuciyarsa ta tsaya. Su biyu ne, shi da nas, danni 15, huri 2, zurfinsa sulusin ƙirji. Ya faɗi adadin adrenalin da ƙarfi: mililita 1 na haɗin 1:10,000. Ka lura ko ya nemi a auna sukari, musamman da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro.

Bayan an gama ku keɓe. Ka bari ya fara faɗin inda ya ga ya kuskure, ka nuna masa sauran, ya maimaita nan take. Ka rubuta ranar sake gwaji bayan 'yan watanni, domin hannun da bai yi ba yakan manta.