MAKARANTAR KOYON AIKIN WATSA LABARI: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Nufinsa abu uku ne: a bayyana yadda aikin watsa labari ya zama ilmin da ake koyarwa a jami'a, a faɗi irin ci gaban da aka samu a makarantar wannan ilmi da ke Kano, sa'an nan a nuna abin da hakimi da malaminsa za su ɗauka daga ciki su yi aiki da shi a ƙasarsu.

ASALIN AL'AMARIN

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da hanyarta ta isar da labari. Umurni yakan fito daga Sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, daga dagaci zuwa ga mai unguwa, shi kuwa ya sa mai shela ya zaga gari. In wani abu ya auku a ƙauye, ta wannan hanya labarinsa yake komawa har fada. Amfanin tsarin nan shi ne kowace magana an san bakin da ta fito, in kuwa ta zama ƙarya an san wanda za a tuhuma.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Editanta Malam Abubakar Imam ne, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. A 1957 gidan rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa, a 1962 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Mutanen da suka riƙe waɗannan wurare da farko yawancinsu malaman makaranta ne da akawuna, a bakin aiki suka koyi sana'ar. Da aikin ya yi yawa sai aka ga lalle a yi masa makaranta, kamar yadda aka yi wa likitanci da aikin shari'a.

MAKARANTAR DA KE KANO

Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 tana ƙaramar kwaleji. A 1962 ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, a 1977 kuma ta zama jami'a mai cin gashin kanta. A 1978 aka buɗe mata Sashen Koyon Aikin Jarida. Daga wannan sashe ne ma'aikata masu yawa na jaridu da gidajen rediyon Arewa suka fito, da kuma na sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje.

Bayan shekara fiye da 30 aka ɗaukaka aikin, aka kafa Tsangayar Sadarwa. Aka haɗa mata sassa uku: na aikin jarida, da na nazarin bayanai da kafofin watsa su, da na wasan kwaikwayo. Shugabanta na farko shi ne Farfesa Umaru Pate, wanda ya zama shugaban Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2021. Cikin manyan malamanta har da Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi suna wajen nazarin littattafai da finafinan Hausa, ya kuma shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar tana da gidan rediyo nata na kanta inda ɗalibai suke gwada hannu, watau su nemo labari, su tace shi, su karanta shi jama'ar gari na ji. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta taimaka wa tsangayar da kuɗi domin koyar da aikin binciken ƙwaƙwaf da sayen kayan aiki.

Wani babban canji ya zo a 2020, sa'ad da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba wannan karatu kashi bakwai. Da can digiri ɗaya ne ake tara kome a cikinsa. Bisa sabon tsarin ɗalibi yana iya zaɓar aikin jarida, ko aikin rediyo da talabijin, ko hulɗa da jama'a, ko talla, ko shirya fim, ko nazarin bayanai, ko kuwa sadarwa domin raya ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi kusa da aikin hakimi, gama abin da ake koyo a cikinsa shi ne yadda za a kai wa manomi da makiyayi da matan gida maganar rigakafi, ko ta taki, ko ta sa yara makaranta, su karɓe ta da yardar ransu.

ME YA SHAFI HAKIMI A CIKI?

Mai yiwuwa wani ya ce wannan sha'anin mutanen birni ne. To, a dubi abubuwa uku da suka auku a idonmu.

Na fari, a 2003 maganganu suka bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana da illa, har aka dakatar da ba da shi a Jihar Kano zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta yaɗu, ta ƙetara wasu ƙasashe, yara da yawa suka nakasa. Abin da ya taimaka ƙwarai wajen gyara shi ne shigowar sarakuna da hakimai da dagatai cikin aikin, suna bayani da bakinsu, suna fara ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da asalin ƙwayar cutar a Afirka. Ji-ta-ji-ta ce ta yi ɓarnar, ingantaccen bayani daga bakin da aka amince da shi kuwa shi ya yi gyaran.

Na biyu, a daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, wadda take da ɗalibai fiye da 800, suka kora yara daji. Da yake waɗansu yaran sun tsere cikin duhu, waɗansu kuma sun wuce gidajensu, sai da aka yi kwanaki ana ƙidaya. Cikin kwanakin nan kowane baki da nasa lissafin, iyaye kuwa suna tsaye bakin makaranta. Gwamnan jiha ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Ran 17 ga wata aka sako su, aka ba da lissafin 344. Wanda ya ga wannan ya san darajar rajista mai kyau da lissafi tabbatacce a ranar tashin hankali.

Na uku, a ƙarshen Agusta 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a waɗansu kasuwanni. A watan Satumba kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Aka yi watanni a haka. Mutane suka riƙa yin doguwar tafiya kafin su sami inda za su buga waya, aika kuɗi ya tsaya, ƙauyen da aka auka wa kuwa ba shi da hanyar neman gudummawa sai ɗan aike. A lokacin labari ya koma kan rediyo da tsohuwar hanyar nan ta mai unguwa da dagaci da hakimi. Ashe hanyar ba ta mutu ba, gyara kawai take bukata.

DARASI NA FARKO: TANTANCE LABARI

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, balle da aka sami WhatsApp da Facebook, kowa ya zama mai shela, ba kuwa wanda ya naɗa shi. Abin da ake fara koya wa ɗalibi a makarantar aikin jarida shi ne kada ya ba da labari sai ya tantance. Ga ƙa'idodin, malamin hakimi ma yana iya bin su:

1. A tambayi mai kawo labari, gani ya yi ko ji ya yi? In ji ya yi, daga wa? A bi maganar har a kai ga wanda ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

2. A nemi baki biyu waɗanda ba su haɗu ba. Mutum goma da suka ji daga mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

3. A lura da hoto da murya da ake turowa ta waya. Sau da yawa hoton na wata shekara ne, ko na wata ƙasa. Yanzu ma akwai na'urar da take ƙirƙiro muryar mutum da kamanninsa. Saƙon da ba ya ɗauke da sunan wuri da rana da wanda ya faɗa, a ajiye shi tukuna.

4. A tambayi kai, wa zai ci riba in an yarda da wannan magana? Labarin da yake ɗora laifin mutum ɗaya a kan kabila dukanta, ko yake kiran a tashi a rama, shi ya fi bukatar bincike, domin magana zarar bunu ce.

Sai dai a kula da abu guda. Labarin cewa an ga mahara sun nufo gari ba a riƙe shi ana jiran shaida ta biyu. A sanar da hukumar tsaro nan take, a gaya musu cewa daga baki ɗaya aka ji, sa'an nan a ci gaba da bincike.

DARASI NA BIYU: RUBUTA RAHOTO

Ana koya wa ɗalibai cewa labari ba ya cika sai ya amsa tambaya shida: me ya auku, wa ya shafa, a ina, yaushe, ta yaya, kuma don me. Ana kuma sa babbar magana a layin farko, bayani ya biyo baya. Ga misali. Malami ya rubuta, "Bayan gaisuwa, ana sanar da ku an yi ɓarna mai yawa a ƙasarmu kwanan nan, mutane suna cikin wahala." Wanda ya karɓi wannan takarda ba abin da zai iya yi da ita. Amma in ya rubuta cewa ran kaza ga wata, da misalin ƙarfe kaza na dare, gobara ta tashi a ƙauye kaza, ta ci rumbu kaza da ɗaki kaza, ba a rasa rai ba, dagaci ya je ya ƙidaya da kansa, abin da ake bukata da gaggawa hatsi ne da kwanon rufi, to, an ba hukuma abin kamawa.

Kada malami ya ƙara lissafi don a ji tausayi, kada kuma ya rage don a ce ƙasar ubangidansa lafiya take. In an kama ƙari sau ɗaya, ba a ƙara gaskata takardarsa. Ya raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Ya ajiye kwafin kowane rahoto a littafi mai kwanan wata. Sunan wanda ya kawo labarin tsaro kuwa amana ce, ba a rubuta shi a takardar da za ta bi hannuwa, ba a kuma faɗarsa a zaure.

DARASI NA UKU: MU'AMALA DA 'YAN JARIDA

In ɗan jarida ya zo, a tambayi sunansa da gidan da ya aiko shi. A gaya masa abin da aka tabbatar, abin da bai kamata ya fita ba saboda tsaro a ce masa ba za a yi magana a kai ba. Wannan ya fi a gaya masa abin da ba haka ba. Kada a ba shi kuɗi don ya gyara labari, a makarantarsu ma ana koya musu cewa karɓar irin wannan abin kunya ne. Hakimai su sani kuma tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, a amsa masa cikin kwana bakwai, sai abin da dokar ta keɓe.

A TURA YARA

Da ɗan gari kan ci gari. Labarin Sabuwa ko na Faskari ba mai ba da shi daidai kamar wanda ya san hanyoyin ƙasar, ya san mutanenta da harshensu. Ana shiga wannan karatu da kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci, da kuma cin jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne. Ban da Kano, ana koyar da aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ba ta da nisa daga Funtuwa. Ya kamata hakimi ya sa ido a kan yara masu kaifin hankali da riƙon gaskiya, maza da mata, ya ƙarfafa wa iyayensu gwiwa. A tuna akwai maganar da ba ta shiga cikin gida sai ta bakin mace.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. A wace shekara aka buɗe Sashen Koyon Aikin Jarida a Jami'ar Bayero, kuma kashi nawa aka raba karatun a 2020?

2. Me ya sa mutum goma suke iya zama shaida ɗaya?

3. Wane irin labari ne ake kai wa hukuma tun kafin a gama tantance shi?

4. Malami ya ɗauko rahoton ƙarshe da ya rubuta, ya duba ko ya amsa tambayoyin nan shida.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan darasi a taron dagatai, su kuma dagatai su isar wa masu unguwanni. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.