Aikin Tsaron Kwamfuta da Yaƙin Gwaji

A da, in sarki ya so ya tsare garinsa sai ya gina ganuwa, ya sa masu gadin ƙofa. To, ɓarawon zamanin nan ba ya haura katanga. Saƙo zai aiko wa malami a waya, wai daga banki, a turo lambar sirri. Malam ya tura, kafin la'asar albashin wata ya salwanta. Masu hana irin wannan ta'adi, a banki ko asibiti ko ofishin gwamnati, su ne ma'aikatan tsaron kwamfuta.

Yaya su ke koyon aikin? Ku tuna yadda ku ke gwajin koyarwa a gaban 'yan'uwanku kafin a tura ku firamare. Haka su ma. Akan shirya kwamfutoci su kwaikwayi na banki ko na tashar lantarki, sa'an nan a raba mutane gida biyu. Jajaye su kawo hari, shuɗɗa su tare. In an tashi sai a bi diddigi, a ga ta wace kafa aka shiga. Injiniya ne ke gina wannan filin atisaye, aikinsa kuwa da wuya, gama in ya sauƙaƙa, masu tsaro sai su fita suna tsammani sun iya. Shugabansu ma ana gwada shi: zai rufe banki mutane su sha wahala, ko zai bari a buɗe ɓarawo na ciki?

A 2007 aka kai wa ƙasar Istoniya hari ta intanet, har bankuna da jaridu suka tsaya. Tun 2010 a ke shirya babban atisaye kusan kowace shekara daga Talin, babban birninta. Mu nan Nijeriya a 2015 aka yi dokar laifuffukan intanet. Kada kuwa ku ce abin na Turawa ne kaɗai. Isa Ali Pantami, haifaffen Gombe, a Bauci ya karanta ilmin kwamfuta, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016 zuwa 2019, ya yi ministan sadarwa har 2023.

Ranar da kuka shiga aji, ku gwada wannan. Ku rubuta saƙo biyu a allo, ɗaya na gaskiya ɗaya na damfara, ku raba yara gida biyu, su gano na ƙarya, su kuma faɗi abin da ya tona shi.