Darasi: Lambar jarumta da takardarta

A ƙarshen shekarar 1933 mutanen Damagaram suka ji ƙugi daga sama. Jiragen sama ne na sojan Faransa, sun biyo ta Yamai, sun sauka a Zinder. Daga nan suka wuce Cadi da Bangi, suka sake biyowa ta Zinder wajen komawa. Ayarin ya taso daga Faransa da jirage 28, kowane jirgi da mutum biyu. Sun yi tafiyar fiye da kilomita 20,000. Nasara sun yi wannan tafiya don su gwada filayen sauka, su kuma nuna wa talakawa ƙarfinsu.

Madugun ayarin wani janar ne mai suna Buyeman. Da Faransanci ana rubuta sunan haka: Joseph Vuillemin. Ƙirjinsa cike yake da lambobi. Ina ya samo su?

Wane ne Buyeman?

An haife shi a 1883 a birnin Bordo. Ya shiga soja yana ƙaramin soja, cikin masu harba igwa. A 1913 ya koyi tuƙin jirgin sama. Shekara ɗaya bayan haka, a 1914, yaƙin duniya na farko ya tashi tsakanin Faransa da Jamus.

Jiragen wancan zamani da katako da ƙyalle ake yin su. Harsashi ɗaya yana iya kunna musu wuta. Matuƙa ba su da laimar dira. In jirgi ya kama wuta a sama, sai abin da Allah ya yi.

Duk da haka Buyeman ya riƙa tashi. Yakan bi ta kan sansanin abokan gaba ya gano inda suka ɓoye igwa, ya dawo ya faɗa. Ya yi karo da jiragen Jamus a sama, ya kakkaɓo 7. A 1918 aka ba shi shugabancin rundunar jirage masu jefa bom.

Bayan yaƙi bai zauna ba. A watan Fabrairu na 1920 ya tashi daga Tamanraset ya ƙetare hamada da jirgi, abin da ba a taɓa yi ba. Jirgin da ya tashi tare da shi ya ɓata, Janar Laferin da ke ciki ya mutu a hamada. A 1925 kuma jirgin Buyeman ya faɗi a Yamai wajen tashi. Ya ji ciwo, abokin tafiyarsa ɗaya ya rasu. Ya warke, ya koma tuƙi. Ya mutu a 1963.

Lambobin da ma'anarsu

Lamba ba ado ba ce. Kowace da abin da take faɗi.

Ta farko ita ce Kurwa da Ger, wato lambar yaƙi. An fito da ita a 1915. Ana ba da ita ga wanda ya nuna ƙarfin hali a gaban wuta. A jikin ƙyallenta akan maƙala tauraro ko reshe mai ganye. Kowane tauraro, kowane reshe, aikin jarumta ɗaya ne da aka rubuta aka karanta a gaban soja. Reshe ya fi tauraro daraja. Buyeman ya sami wannan yabo sau da yawa.

Ta biyu ita ce Meday Militer, ta 1852. Ita ce lambar ƙananan soja, irin su kofur da saje. Ƙyallenta rawaya ne, da kore a gefe.

Ta uku ita ce Lejiyon Donar, ta 1802, mai jan ƙyalle. Tana da hawa biyar. Da Buyeman ya koma gida a watan Janairu na 1934, aka ba shi hawa na ƙoli.

Damagaram ta san girmama jarumi

Tun kafin zuwan Nasara a 1899, Damagaram ta san darajar namiji. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa. A wancan zamani in barde ya yi abin kirki a fagen fama, sarki yakan ba shi doki, ko riga, ko takobi. Wani a naɗa masa rawani. Makaɗa da maroƙa su yi masa kirari, jikoki su gaji sunan. Riga da kirari su ne lambar da. Abin da ya bambanta shi ne, lambar yanzu tana zuwa da takarda.

Mazan jiya

Matuƙin jirgi ba ya cin yaƙi shi kaɗai. Yana sama, dubban mutane suna ƙasa cikin taɓo da sanyi. Cikinsu akwai ƴan Afirka. An ɗebi samari daga ƙauyukan Nijar a yaƙin 1914 da na 1939, da yawa ba da sonsu ba. Wasu ba su dawo ba. Wasu sun dawo da Kurwa da Ger ko Meday Militer a ƙirji, irin wadda ake ba ɗan Faransa.

Lamba iri ɗaya ce, amma kuɗi ba ɗaya ba. A 1959 Faransa ta yi doka ta tsayar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da suka sami ƴancin kai. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na ɗan Afirka yana nan inda yake. Sai a 2007 aka fara daidaita shi, aka ƙarasa a 2011. Lokacin nan yawancin mazan jiya sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya nemi hakkinsa kuwa, abin da ake fara tambayarsa shi ne takarda.

Bayan ƴancin kai a 1960, Nijar ta yi nata lambobin. Akwai ta jarumta, da ake kira Kurwa da la Bayans, wadda ake maƙala wa sojan ƙasa na sama da na ƙasa.

Abin lura

A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka. A ciki akwai lambar kaka da littafinsa na soja. Kada a ba yara su yi wasa da su. Kada a sayar wa masu sayen kayan da. A naɗe su cikin leda saboda gara da ruwa. Wanda ya iya karatu ya buɗe littafin ya duba suna, da shekara, da garuruwan da tsoho ya je. In da Faransanci ne, a kai wa malamin yaƙi da jahilci. Lamba takan yi tsatsa, amma abin da aka rubuta aka adana yana nan.

Tambayoyi

1. A wace shekara ayarin jirage ya sauka a Zinder?
2. Me tauraro da reshe suke nufi a jikin lambar yaƙi?
3. Da me sarakunan Damagaram suke girmama jarumi?
4. Akwai ɗan mazan jiya a garinku? A rubuta sunansa da yaƙin da ya je.