Alhini Bayan Intabiyu

Kowace shekara, idan lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, akwai wani ciwo da ya kan shiga gidajen masu bi, wanda ba a kai shi asibiti. Saurayi ko budurwa ya je ya tsaya gaban masu tambaya a makarantar da ya ke nema, ya dawo gida, tun daga ran nan ba shi da barcin kirki. Yana ta juya maganar da ya faɗa da wadda ya manta bai faɗa ba. Yana tuna yadda muryarsa ta yi rawa, da yadda wani cikin masu tambayar ya dubi agogo. Iyaye kuma sun shiga nasu zullumi. Darasinmu na wannan wata a kan wannan alhini ya ke. Kafin a ci gaba, sai a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta Matta 6:25-34 da Filibiyawa 4:4-9.

1. Abin da ke hannun masu zaɓe

Ya kamata mu fara sanin yadda a ke ɗaukar ɗalibai, gama yawancin alhini daga rashin sani ya ke fitowa. A Nijeriya, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Darussa 4 a ke rubutawa, maki kuwa 400 ne duka. Daga 2005 jami'o'i suka fara yin tasu tantancewa bayan ta JAMB. Waɗansu makarantu kuma ba su tsaya ga takarda kaɗai ba, sai sun ga mutum ido da ido sun yi masa tambayoyin baka, watau intabiyu. Haka makarantun koyon aikin jinya da ungozoma su kan yi. Haka makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ta ke yi, har da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Makarantun Littafi Mai Tsarki da na tauhidi ma su kan so su ji shaidar mai nema daga bakinsa, su ga kuma takardar da ekklesiyarsa ta ba shi.

To, a lura da kyau. Tambayoyin baka kashi ɗaya ne kawai cikin abin da a ke aunawa. Ana duban sakamakon WAEC ko NECO, ana duban makin jarrabawa, ana duban yawan guraben da makaranta ta ke da su. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya an raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa ga cancanta, 35 cikin 100 domin 'yan yankin da jami'ar ta ke, 20 cikin 100 domin jihohin da ke baya wajen ilmin boko. Masu nema kuwa suna da yawa ƙwarai; a 2024 da 2025 wajen mutum miliyan 2 suka yi rajistar jarrabawar JAMB kowace shekara. Saboda haka wanda ya ce, "Kalma ɗaya da na yi tuntuɓe a kanta ita ce ta kashe ni," yana yi wa kansa hukunci da ma'aunin da ba shi ne masu zaɓe su ke riƙe da shi ba.

Mun kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan karin magana ba ta aiki a ɗakin intabiyu. Mai tambaya wanda ya ga mutum hamsin tun safe ya gaji. Murtuke fuskarsa ba hukunci ba ne, murmushinsa kuma ba alkawari ba ne. Ya saba ganin masu rawar murya, ya san tsoro dabam, rashin sani dabam.

2. Shiri dabam, alhini dabam

Kada wani ya ɗauka Ubangiji ya hana mu shiri. A Luka 14:28 shi da kansa ya nuna mai hikima shi ne wanda ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara gini. Ɗalibin da ya yi karatu, ya tattara takardunsa, ya wanke rigarsa, ya isa wurin da wuri, ya yi abin da ya wajaba. Shiri yana da aikin yi, yana kuma da ranar gamawa. Alhini ba shi da ko ɗaya. Shiri yana duban abin da ke hannunmu. Alhini yana duban abin da ya riga ya fita daga hannunmu.

Magana zarar bunu ce. Amsar da ka bayar ran nan ta fita, ba ta komawa. Ko ka maimaita ta a zuciyarka sau dubu, maki ɗaya ba zai ƙaru a takardar masu zaɓe ba. Wannan ita ce koyarwar Matta 6:27, inda Yesu ya nuna alhini ba shi da ikon ƙara wa mutum kome. Ba ya ce abinci da tufafi banza ne ba. Ya ce Uba ya san muna bukatarsu. Haka nan makaranta ba abin banza ba ce. Ta wurinta saurayi zai sami aikin da zai riƙe iyayensa, budurwa ta zama mai jinya a garinsu. Uba ya san wannan duka tun ba mu roƙa ba.

A Markus 4:26-29 akwai misalin manomi da ya watsa iri, sa'an nan ya riƙa kwanciya da dare yana tashi da safe, irin kuwa yana tsirowa ta hanyar da shi bai sani ba. Dukanmu mun san gona. Da mun ga mutum ya shuka gero yau, gobe ya koma yana tone ramin domin ya ga ko ya tsiro, jibi ma haka, da mun ce ya zautu. Ashe haka mai alhini ya ke yi da zuciyarsa kowane dare.

3. Mutum uku da suka tsaya a wannan wuri

Na fari shi ne Nehemiya. Ya ji labarin rushewar Urushalima a watan Kisleb, bai sami zarafin magana da sarki Artashate ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu yana addu'a. Sa'ad da sarki ya tambaye shi dalilin baƙin cikinsa, Nehemiya 2:2 ta faɗa mana ya ji tsoro ƙwarai. Ya yi addu'a a zuciyarsa a tsaye, sa'an nan ya amsa, aka kuwa ba shi abin da ya roƙa. Mu koyi wannan: jin tsoro gaban manya ba zunubi ba ne, ba kuma alamar faɗuwa ba ne. Mai rawar jiki ya kan fito da takardar sarki a hannunsa.

Na biyu mutum ne wanda ba a cika wa'azi a kansa ba, watau Yusufu Barsaba, wanda a ke kira Yustus. A Ayyukan Manzanni 1:15-26 masu bi wajen 120 suka taru domin su cika gurbin Yahuda. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance tare da su tun daga baftismar Yohanna har zuwa ranar da aka ɗauki Yesu sama. Mutum biyu suka cika sharaɗin, gurbi kuwa ɗaya ne. Aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Littafi bai ɗora wa Yusufu laifin kome ba. Bai kasa ba, bai yi zunubi ba, wuri ne babu. Yau ma akwai dubban 'ya'yan Allah irinsa, waɗanda suka isa amma gurbi bai isa ba. Rashin ganin sunanka a jerin makaranta ba ya nuna Allah ya share ka daga nasa littafi.

Na uku shi ne Bulus. Ya rubuta wa Filibiyawa yana cikin sarƙa, yana jiran hukuncin shari'arsa, bai san ko rai ko mutuwa ba. A 2:23 ya ce zai aiko Timoti da zarar ya ga yadda al'amarinsa zai ƙare. Watau mutumin da ya gargaɗe su kada su yi alhini, shi kansa mai jiran sakamako ne, sakamakon da ya fi na makaranta nauyi nesa. Ga kuma wani abin lura. A Ayyukan Manzanni 16:6-12 Bulus ya so ya yi wa'azi a Asiya, Ruhu ya hana. Ya nemi shiga Bitiniya, aka sake hanawa. Da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya, ya haye teku ya isa Filibi. Ekklesiyar da aka rubuta wa wannan wasiƙa, daga ƙofofi biyu da aka rufe ta fito.

4. Abin da aka alkawarta, da abin da ba a alkawarta ba

A nan sai mu faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Babu ayar da ta ce kowane mai bi da ya yi addu'a za a ɗauke shi a makarantar da ya ke so. Mai wa'azin da ya tabbatar wa yaro cewa lallai sunansa zai fito ya faɗi abin da ba a aike shi da shi ba, idan kuwa sunan bai fito ba, bangaskiyar yaron ce za ta sha wahala. Filibiyawa 4:6-7 ta umurce mu mu kai roƙonmu gaban Allah tare da godiya, abin da ta alkawarta kuwa shi ne salamar Allah za ta tsare zuciya da tunani. Kalmar tsarewa a nan ta soja ce, kamar mai gadi a ƙofar gari. Mutanen Filibi sun san wannan sarai, gama garinsu mazaunin Romawa ne inda aka zaunar da tsofaffin sojoji. Salamar ba ta jiran sakamako ya fito. Tana aikinta tun cikin kwanakin jira.

5. Yadda za a yi da kwanakin jira

Da fari, ka zauna sau ɗaya da takarda ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da abin da ka koya daga cikinsu, domin wani karo ko domin ƙanenka. Ka naɗe takardar ka ajiye. Aikin tunawa ya ƙare ke nan.

Na biyu, ka roƙi Allah abin da ka ke so a fili, ba da kewaye-kewaye ba, ka kuma ambaci abin godiya: lafiyar zuwa da dawowa, da waɗanda suka biya maka kuɗin mota. Idan tunanin ya dawo da tsakar dare, ka sake miƙa shi, kamar yadda 1 Bitrus 5:7 ta koya. Ba abin kunya ba ne mutum ya miƙa kaya ɗaya sau goma.

Na uku, ka kama aiki. Gona tana nan, ajin Lahadi na yara yana neman malami, akwai sana'ar da za a koya. Ka kuma shirya hanya ta biyu: kwalejin ilmi, ko ta kimiyya da fasaha, ko sake rubuta jarrabawa baɗi. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne.

Na huɗu, ka tsare kanka daga gajeriyar hanya. Lokacin jira shi ne kasuwar 'yan damfara, masu cewa sun san wani a ofis, a kawo kuɗi su sa suna. Tun 2017 JAMB ta kafa tsarin CAPS, inda ɗalibi ke duba matsayinsa da kansa ta intanet, ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Hukumar kuwa ta sha faɗa cewa gurbin da bai bi ta nan ba, ba ta san da shi ba. Mai ba da toshi ya yi hasarar kuɗinsa, ya ɓata lamirinsa. Haka kuma mai zuwa wurin boka ko mai duba. Alhini da aka bari ya girma, can ya kan kai mutum.

6. Kalma ga iyaye da dattawan ekklesiya

Ya ku iyaye, tambayar "Yaya dai, sunan ya fito?" kowace safiya nauyi ce a kan yaro. Gwada shi da ɗan maƙwabci ya fi wannan muni. Ku faɗa masa tun yanzu, kafin a ji kome, cewa ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, shi ɗanku ne, gida kuma gidansa ne. Akwai matasa da baƙin cikin sakamako ya kai su ga tunanin hallaka kansu. Idan kun ga yaro ya daina ci, ya daina barci, ya ware kansa kwana da kwanaki, ko yana maganar mutuwa, kada ku yi masa faɗa kawai. Ku zauna da shi, ku kira fasto, ku kai shi wurin likita.

Ya ku dattawa, mun saba kiran waɗanda suka ci su zo gaba a yi godiya, wannan kuwa daidai ne. Amma a bayan ɗakin sujada akwai Yusufu Barsaba zaune shiru. A cikin makon nan a sami wanda zai je gidansu ya gaishe shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin shiri da alhini? A ba da misali daga aikin gona ko kasuwa.
2. Me ya sa ba daidai ba ne a tabbatar wa ɗalibi da sunan Allah cewa lallai za a ɗauke shi?
3. Wane hali Bulus ya ke ciki sa'ad da ya rubuta Filibiyawa 4:6-7? Ta yaya wannan ya ƙara wa maganarsa nauyi?
4. Su wane ne a cikin ekklesiyarku ke jiran sakamako yanzu? Me za ku yi musu kafin Lahadi mai zuwa?

A haddace Filibiyawa 4:6-7, a rufe da addu'a domin masu jira, da kuma domin masu zaɓe, Allah ya ba su tsoronsa su yi adalci.